Kwatan Tanki

Wenatchee, jihar Washington
3 ga Satumba, 1979

Ɗan'uwana Delmer,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Lavonne da jikoki. Yaya gwiwar taka? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Na san za ka juya ambulan ka ce wace ce kuma wannan. To Ardis ce, matar Orval Brekke, wadda kakarta da taka suke ciki ɗaya, wadda ka jefa wa kwaɗo a riga a bayan coci muna yara. Rabonmu da haɗuwa tun jana'izar Goggo Thora, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba.

Bayan haka, wataƙila ka ji cewa da kamfanin yankan katakon da Orval yake wa aiki ya rufe mun sayar da gida. Orval ya sayo ɗakin kwana irin wanda ake ɗora wa akori-kura a baya, da gado a saman kan direba, da murhun gas, da tebur mai naɗewa. Kunkuru yake kiran motar. Lokacin sanyi muna Arizona, da kaka kuma mu hauro nan aikin tuffa. Bana ni kaɗai aka ɗauka, ina rumfar da ake tantancewa ana zubawa a kwali. Orval yana hutawa a sansanin ma'aikata inda muka faka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shan man motar. Da, ko da ɗakin a kanta, galan ɗaya yakan kai mu mil goma. Yanzu idan na raba tafiyar da muka yi da man da na zuba, shida nake samu, wani lokaci ma ba ta kai ba. Kuma ina muke zuwa? Shago, coci, wurin wanki. Ka san yadda fetur ya zama bana, gidajen mai a rufe ran Lahadi, wanda ya buɗe kuma yaron da ke zubawa yana kallon ɗakin nan namu kamar mu muka shanye man ƙasar.

Na kai ta wani gareji, mutumin ya leƙa ya ce, "Baba, ai haka suke, kin ɗauki giwa kina tambayar me ya sa take cin ciyawa." Bai ko buɗe gaban motar ba. Kai ne bakaniken dangi, ka gaya mini abin da zan duba.

Ka gaida Lavonne, ka ce har yau ban ci gurasar dankali irin tata ba.

'Yar'uwarka,
Ardis

*

Scobey, Montana
12 ga Satumba, 1979

Ardis 'yar'uwa,

Wasiƙarki ta same mu lafiya, Lavonne ta karanta ta sau biyu tana tsaye a bakin akwatin wasiƙa. Gwiwa tana nan tana ba ni labarin ruwan sama tun kafin rediyo ya faɗa. An gama girbin alkama, ba yabo ba fallasa. Maganar kwaɗo kuma, ke kika fara zuba mini gishiri a madara, a tambayi duk wanda ya rage.

Mutumin garejin nan yana da rabin gaskiya. Kin goya wa mota gida, ai dole ta yi nishi. Amma ba nauyin ne babban ɓarawo ba, iska ce. Ɗakin nan bango ne kuke turawa a kan titi. Duk abin da ya wuce gudun mil hamsin, fetur kuke watsawa ta salansa. Idan iska na gabanku, gara ku faka ku sha kofi. Idan tana bayanku, kyauta ce daga Allah.

Ga abin da za a yi. A cika tayoyin baya har iyakar abin da aka rubuta a jikinsu. A canza fulogi da matatar iska, ƙurar gonakin nan takan toshe ta. A wanke kafireto. A zubar da ruwan tankin ɗaki idan ba tafiya za ku yi ba. Kuma na san Orval, na rantse akwai tsohon ƙarfe a ƙarƙashin gadon nan da zai ishi a gina gada. Ki zubar yana barci.

Sai dai daga goma zuwa shida ba ƙaramar faɗuwa ba ce. Mota ba ta lalacewa haka ba tare da ta yi tari ko hayaƙi ba. Ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da safe ki gani ko tanki na yoyo. In ba ya yoyo, wani ne yake zuƙe muku da tiyo, ki sayi murfi mai makulli.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ina Orval da za ki kai motarsa gareji? Mutumin da ya koya mini kwance kafireto a kan teburin cin abincin mahaifiyarsa, ta kore mu da tsintsiya? Ki ce masa na ce girman kai ne ya hana shi rubutowa ko tsufa ne ya cinye hannun.

Naki,
Delmer

*

Wenatchee
24 ga Satumba, 1979

Ɗan'uwa Delmer,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni ƙalau, ban da yatsu da suke tsagewa saboda ruwan wankin tuffa.

Na gode ƙwarai. Ran Asabar na karanta wa Orval wasiƙarka. Da na zo wurin tsintsiya ya yi dariya har da tari, ya ce, "Delmer! Yaron nan da ya haɗiye 'yar woshar ƙarfe ya ce bai gan ta ba?" Ya tashi ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Delmer, da ka gan shi. Ya kwance kafireton nan ya jera kowane ƙarfe a kan tawul ɗina mai kyau, yana fito, yana miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba yana cewa, "Ardie, spana ta rabin inci." Na daɗe ban ga yini irin wannan ba. Ran Lahadi bayan coci muka bi bakin kogi muka dawo, na auna, ta ba mu goma har da ɗoriya. Tanki ba ya yoyo. Na sayi murfi mai makulli.

Amma zuwa Alhamis allurar mai ta sake kwanciya.

Akwai wata maƙwabciyarmu a sansani, Eulalia, ita da mijinta suna tsinkar tuffa, bana tana gida da jariri. Ta tare ni a wurin famfo ta ce, "Señora Ardis, ba shiga sharo ba shanu ba, amma hayaƙin motarku yana shigar wa ɗana hanci."

Na ce, "Wane hayaƙi? Ai a tsaye take."

Ta ce, "A tsaye take, amma a kunne. Kina fita mijinki yake shiga ya tayar da ita. Haka zai zauna riƙe da sitiyari har ki kusa dawowa. Wani lokaci ya fita da ita ya dawo. Na ɗauka kin sani."

To ka ji inda manmu yake tafiya. Ba laifin Kunkuru ba ne.

Ban san yadda zan faɗa maka sauran ba. Nakan dawo in same shi ido jajur, maganarsa ba kan gado. In na tambaye shi ina ya je, sai ya hau faɗa. Shekaranjiya ya kira ni da sunan da ba nawa ba. Na tsinci takalminsa a cikin akwatin sanyi. Orval ba ya cikin hayyacinsa, ɗan'uwa, kuma ni kaɗai nake ɗauke da abin. Kar ka tambaye ni fiye da haka yanzu.

Ardis

*

Scobey
3 ga Oktoba, 1979

Ardis,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya. Ba zan yi doguwar gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Ba sai kin faɗa ba, na gane. Ni na ciro Orval daga kwalbatin hanyar Flaxville shekarar da ya dawo daga yaƙi, yana wari kamar an fasa ganga. Na san jan idon nan, na san faɗan nan. Na ɗauka ya rabu da barasa tun ranar da ya yi miki alkawari, ashe zaman banza ya dawo da ita. Mutum ya bar matarsa tana tsaye yini guda a rumfa, shi yana ƙona guminta a hanyar mashaya! Kuma da ɗaki a bayan mota, wanda ko mai hankali sai ya lallaɓa a kwana. Zai kashe kansa ko ya kashe ɗan wani.

Ki duba bayan kujera da cikin tayar safaya, nan yake ɓoye kwalba a da. Ki karɓe makullin. Na sa wata takarda daban a cikin ambulan ɗin nan, tasa ce, ki ba shi. Ban tauna masa magana ba.

Lavonne ta shiga damuwa, ta gaya wa fasto, an sa ku a addu'a ran Lahadi. Ba a ambaci abin da suna ba, amma kin san mutanenmu.

Delmer

*

Wenatchee
14 ga Oktoba, 1979

Delmer,

Lafiyata ƙalau tunda ka tambaya.

Ban ba shi takardarka ba. Na karanta, na sa a murhu. Ko da na ba shi ba zai iya karantawa ba, tun bazara haruffa suka daina tsaya masa.

Orval bai sa barasa a bakinsa ba tun kafin a ɗaura mana aure. Ko giyar jibin Ubangiji a coci leɓe kawai yake taɓawa. Wannan ne abu ɗaya da yake alfahari da shi a duniya, kai kuma ka kai shi gaban jama'ar Scobey ka tsayar. Jiya na sami kati daga matar da rabona da ita tun muna makaranta, wai tana taya ni haƙuri da "halin maza".

Ga abin da na kasa rubutawa. Ƙwaƙwalwarsa ce take tafiya. Likita a Arizona ya faɗa mana tun watan Maris, ya ce ba magani, kuma gaba za ta yi ba baya ba. Sunan da ya kira ni da shi na mahaifiyarsa ne. Jan idon kuka ne, yakan yi idan ya duba bai gane inda yake ba. Ba mashaya yake nema ba, hanyar gonarsu yake nema. Yana shiga gaban motar ne saboda nan kaɗai hannunsa ya san inda komai yake. Na tambaye shi me yake yi a ciki, ya ce, "Ina ɗuma ta ne, Mama ta ce mu iso kafin duhu."

Na ɓoye ne saboda shi ya roƙe ni, lokacin da yake iya roƙo. Ya ce, "Ardie, kar ki bari a gida su sani. Bari su tuna ni da spana a hannu."

Makulli kuwa na karɓe tun kafin ka ba ni umarni. Ya yi kwana biyu bai ci abinci ba, yana zaune a ƙasa jikin taya. Na mayar masa. Yanzu dabarata ita ce ba na zuba mata fiye da kwatan tanki. In ya ƙona a tsaye, ya ƙona. In ya fita, ba zai yi nisa ba, Eulalia kuma tana sa ido. Ni nake tuƙi yanzu, na koya a filin bayan rumfa, na kashe wa mai gona kwali uku da shinge ɗaya.

Na tambaye ka maganar mota ka ba ni amsa mai kyau, na gode. Abin da ban tambaye ka ba kuma ka amsa. Kar ka sake rubuto mini.

Ardis Brekke

*

Scobey
23 ga Oktoba, 1979

'Yar'uwata Ardis,

Kin ce kar in rubuto, ga shi na rubuto. Muna lafiya a jiki.

Ba ni da abin cewa sai ki yafe mini. Ran Lahadi na miƙe a coci bayan wa'azi, ban nemi izinin kowa ba, na ce abin da aka ji game da Orval Brekke ƙarya ne kuma daga bakina ya fito. Ban faɗi ciwonsa ba, na ce ba shi da lafiya kawai. Lavonne ta bi gida-gida.

Ku taho gida. Akwai fili a bayan garejina, zan ja muku wuta, ko ku shiga ɗakin da yaranmu suka bari. Ku taso kafin ƙanƙara ta rufe duwatsu. In kina tsoron hanya, zan hau jirgin ƙasa in zo in tuƙo ku. Lambar wayar gareji tana ƙasan takardar nan, ki kira a kowane lokaci, kuɗin kiran a kaina.

Delmer

*

Scobey
16 ga Disamba, 1979

Ardis,

Da fatan kuna lafiya. Katin Kirsimeti da Lavonne ta aika sansaninku ya dawo, an buga masa hatimin ba kowa a wurin. Na rubuta inda kuke sauka a Arizona, sun ce ba ku zo ba bana. Wannan na aika ta hannun mai rumfar tuffa ko ya san inda kuke. Ko zagi ne ki rubuto, layi ɗaya ya isa.

Delmer

*

Spokane, Washington
9 ga Janairu, 1980

Ɗan'uwa Delmer,

Ina gaishe ku da sabuwar shekara. Wasiƙunka biyu sun iso ni, ta biyun ta yi yawo kafin ta same ni. Ni lafiyata lau. Orval yana raye. Na fara da wannan don kar ka karanta sauran da tsoro.

Ran ƙarshe na aikin tuffa, farkon Nuwamba, na je karɓar sallama. Jaririn Eulalia ya kwana da zazzaɓi, ta kai shi asibiti. Na dawo da azahar na tarar da wurin da Kunkuru take tsayawa fili, sai wayar wuta da ya tsinke tana kwance a ƙasa.

Ɗan sandan da ya zo mutumin kirki ne. Ya ce, "Baba, man nawa ne a ciki?"

Na ce, "Kwata."

Ya ce, "Da wannan ɗakin a kanta, galan yana kai ta ina?"

Delmer, na ce masa shida. Lambar da ta zauna mini a kai ke nan tun bazara. Ya zana da'ira a taswira ya ce ba za ta wuce mil arba'in ba, balle da hawan dutsen da ke gabas. A cikin da'irar nan suka nema. Suka bi bakin kogi, suka leƙa kowane kwazazzabo, mijin Eulalia da abokansa suka bi gonaki a ƙafa. Kwana biyu ana abu ɗaya, ga sanyi ya sauko.

Shida ɗin nan ai na zaman banza ne, na injin da ke aiki mota na tsaye. A kan titi goma take yi, ni da kaina na auna na rubuta maka. Ranar kuma iska daga yamma take, tana bayansa, shi kuwa bai taɓa wuce gudun mil hamsin ba a rayuwarsa. Lambar wayarka tana cikin jakata duk kwanakin nan. Na ciro ta a ofishin 'yan sanda na mayar. Da na kira ka, da ka gaya mini a numfashi ɗaya. Fushi ya hana ni.

Wani manomin alkama ne ya same shi can gaba da Coulee City, ninkin inda suke nema, a wata hanyar gona da ba a bi bayan girbi. Mai ya ƙare, gas ɗin murhu ma ya ƙare. Yana zaune a ɗakin baya sanye da rigar sanyina, ya jera kofi biyu a tebur. Manomin ya ce da ya buɗe ƙofa Orval ya ce masa, "Yi a hankali, matata ta shiga shago, yanzu za ta fito."

Sanyi ya ci yatsun ƙafarsa, an yanke uku. Ciwon huhu ya biyo baya. Daga asibiti aka mayar da shi gidan kula da tsofaffi a nan Spokane, likita ya ce zancen komawa mota ya ƙare. Na sami aiki a ɗakin wankinsu, sun bar ni in faka a bayan ginin. Daga tagar ɗakinsa ana hango rufin Kunkuru, sai da na roƙa aka juya masa gado, don in ya gan ta yakan nemi tashi.

Bai san ni ba tun da aka kawo shi. Ya ɗauka ma'aikaciya ce. Jiya ina ba shi miya ya riƙe mini hannu ya ce, "'Yan mata, ki taimake ni a sallame ni. Matata ba ta iya tuƙi ba, na bar ta a wani wuri."

Na ce, "Ta koya, Malam Brekke. An ce ta iya sosai."

Ya ce, "Ardie? Tab! Allah ya kiyaye shingen mutane." Ya yi ta dariya, ni ma na taya shi, sannan na fita baranda.

Na yafe maka tun tuni. Na ji abin da ka yi a coci.

'Yar'uwarka,
Ardis

*

Scobey
18 ga Janairu, 1980

Ardis 'yar'uwa,

Mun gode Allah da jin muryarki, ko a takarda ce. Muna lafiya. Lavonne ta sa gurasar dankali da safa biyu a wani ƙunshi, yana tafe.

Kar ki ɗora wa kanki maganar shida da goma. Matar da mijinta ya ɓace ba lissafi take yi ba. In ana neman wanda ya sa ba a ɗaga wayar nan ba, ga ni.

Kina kwana a ɗakin nan cikin wannan sanyi? Ki bar taga ɗaya a ɗan buɗe in kin kunna gas, don Allah. Ki riƙa tayar da injin sau ɗaya a mako. Da hanya ta buɗe zan zo in gan shi, ko bai gane ni ba ni zan gane shi.

Delmer

*

Spokane
20 ga Maris, 1980

Ɗan'uwana Delmer,

Ina gaishe ka, ina gaida Lavonne, ƙunshinta ya iso kuma safar tana ƙafata. Na san wata ma'aikaciyar gidan nan ta kira ka a waya, ni na kasa. Orval ya rasu ran Talata da hantsi. Huhun ne ya dawo. Ina wurin. Hannunsa yana ta motsi a kan bargo kamar mai neman sandar giyar mota, na sa nawa a ƙarƙashi ya riƙe.

Na ji ka ce a sa shi a jirgin ƙasa. A'a. Gida ya nufa da motarsa, da motarsa zai isa. Na yi magana da masu shirya gawa, sun ce doka ta yarda in ina da takarda, za su ajiye shi har ƙanƙara ta saki ƙasar maƙabarta a wurinku, su sa akwatin a cikin wani na katako su ɗaure.

Don haka na sauke ɗakin. Eulalia da mijinta suka zo da motar ƙaninsa, na ba su, su huɗu suke kwana a tanti. Ta ce, "Señora, ke kuma ina za ki kwana?" Na ce ina da dangi. Muka kafa ƙafafun ɗakin, na ja motar a hankali ta fita daga ƙarƙashinsa. Na duba madubi na ga titi ta gilashin baya. Ban taɓa ganin bayana a motar nan ba.

Ban san ta ba yanzu, Delmer. Ina taɓa totur sai ta zabura. Na je ofishin takardu na dawo, na zaga gari, allura ko motsi ba ta yi ba. Abin da na yi ta nema ke nan tun bara. Na faka a gaban wani shago na kifa kai a sitiyari har wani ya ƙwanƙwasa gilashi.

Kar ka hau jirgi, ni zan kawo shi. Amma ban taɓa haye duwatsu ina tuƙi ba. Ka gaya mini yadda ake yi, da inda zan sami mai. Kuma bayanta yana wutsil-wutsil a kan jiƙaƙƙen titi. Orval ya rame ƙwarai, ban jin nauyinsa zai riƙe ta.

Ardis

*

Scobey
29 ga Maris, 1980

'Yar'uwata Ardis,

Allah ya ba ki haƙuri, ya ba mu. Muna lafiya. Na rufe gareji ranar da aka kira, na zauna a ciki.

Ba zan yi miki gardama ba. Ga yadda za ki yi.

Ki sayi buhun yashi shida, uku kowane gefe, a saman tayoyin baya daidai, su tokare akwatin kar ya zame. Ki rage iskar tayoyin baya, cikar da na ce a yi ta ɗaki ce, yanzu za ta sa ki tsalle. Ki rufe da tamfol ki ɗaure ta kusurwa huɗu.

Ki bi babbar hanya mai lamba biyu, ta fi tsawo a ido amma hawanta ya fi sauƙi. A hawa ki bar manyan motoci su wuce, kar ki kula da hon. A gangara ki sa giya ta biyu tun daga sama, ki bar injin ya riƙe ta, birki taɓawa kawai. In kin ji warin ƙuna ki tsaya. Ki cika tanki a Kalispell kafin dutse, ki sake cikawa a Shelby da Malta ko da allura ta ce ba ki buƙata. Kar ki yi tafiya ran Lahadi. In kin sauko fili iska za ta kasance a bayanki har gida.

Na je maƙabarta da sandar ƙarfe jiya, ƙasa ta fara saki. Zuwa tsakiyar Afrilu za a iya haƙa. Akwai wuri kusa da mahaifiyarsa, na yi magana da fasto. Mutum shida sun ce za su ɗauke shi, na ce biyar nake nema, ni ne na shida. Lavonne ta gyara miki ɗaki, ta ce ba na kwana biyu ba ne, kar ki zo da wata magana.

Zan jira ki a mararrabar Wolf Point, daga nan in shiga gaba ki biyo ni. Ki taho a hankali. Ba wanda zai fara komai sai kun iso.

Ɗan'uwanki,
Delmer